Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Raddi Ga Masu Cewa A Sallami Tsohon Ɗan Katanga

Akwai wani ra'ayi da ya yi ƙarfi tsakanin masu sharhin ƙwallon Amurka, wato wasan nan da ake yi da hannu da ƙirji a gasar NFL. Ra'ayin shi ne duk ɗan wasan katangar gaba da ya haura shekara 33 ko 34, ya kamata ƙungiyarsa ta yi masa godiya ta sallame shi, ko da yana kan ganiyarsa. Na bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, na same su huɗu. Ina girmama masu wannan ra'ayi, domin mutane ne masu lissafi, amma lissafin nasu ya baro wasu abubuwa a baya, kuma su nake so in nuna.

Kafin nan, bari mai karatu ya san aikin da ake magana a kai. Kowane ɓangare yana shiga fili da mutum 11. Idan ƙungiya ce ke kai hari, biyar daga cikinsu suna durƙusawa a jere a gaba, nauyin akasarinsu ya kai kilo 140 ko fiye. Su ne katanga. Ba sa cin maki, ba a jefa musu ƙwallo. Aikinsu shi ne su tare abokan hamayya na tsawon daƙiƙa biyu zuwa uku, har mai jifa ya saki ƙwallo, ko kuma su buɗe wa mai gudu hanya. Mafi nauyin aiki yana kan wanda ke ƙarshen hagu, domin mai jifa da hannun dama yana juya wa wannan gefe baya, ba ya ganin abin da ke tahowa. Lafiyarsa tana hannun mutumin da ba ya kallo.

Hujjarsu ta farko ita ce jiki yana da iyaka, kuma bayan shekara 30 sai gangara. Wannan gaskiya ne ga mai gudu da ƙwallo da mai tsaron baya, waɗanda jarinsu sauri ne. Amma ɗan katanga ba tsere yake yi ba. Filinsa bai wuce taku huɗu ko biyar ba. Ku kalle shi da kyau: ƙwallo na motsawa sai ya ja ƙafar hagu baya, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu a ƙasa, hannaye a ƙirji suna jira. Saurayi ɗan shekara 23 ya taho kamar kibiya, ya yi kamar zai bi ta waje, sai ya karkato ciki. Sabon ɗan katanga yakan bi yaudarar, ya miƙa hannu da wuri, ya rasa ma'auni. Tsoho kuwa ya ga wannan dabara sau ɗaruruwa, ya karanta ta tun daga yadda saurayin ya dasa ƙafarsa kafin a fara. Duk wanda ya taɓa kallon kokawar gargajiya ya san cewa sanin inda za a kama da lokacin da za a kama ya fi ƙarfin damtse. Tarihi ma ya shaida. Jackie Slater ya yi kaka 20 a ƙungiyar Rams, daga 1976 zuwa 1995. Bruce Matthews ya yi kaka 19. Trent Williams na San Francisco 49ers, wanda aka haifa a 1988, an zaɓe shi a sahun farko na gwanayen gasar a 2021 da 2022 da 2023, duk bayan ya haura 30 da nisa.

Hujjarsu ta biyu ita ce kuɗi. NFL tana da iyakar albashi da kowace ƙungiya ba za ta tsallake ba, a 2017 dala miliyan 167 ce. Suka ce sabon ɗan wasa daga jami'a yana zuwa da kwantiragin shekara huɗu mai sauƙi, don me za a zuba miliyoyi a kan tsoho? Amsa ita ce araha ba ta ado, kuma akwai misali da ya isa kowa. Cincinnati Bengals suna da Andrew Whitworth tun 2006. A 2015 suka yi daidai abin da masu wannan ra'ayi ke so: suka ɗauki Cedric Ogbuehi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa, da Jake Fisher a zagaye na biyu, don su gaji gefuna biyu na katanga. A Maris 2017 suka bar Whitworth ya tafi yana da shekara 35. Los Angeles Rams suka ɗauke shi da kwantiragin shekara uku na sama da dala miliyan 30. A kakar nan aka sake zaɓarsa a sahun farko na gwanayen gasar. Shi kuwa magajinsa Ogbuehi bai riƙe wurin ba. Shekara ɗaya kacal bayan haka sai da Bengals suka koma kasuwa suka yi musaya suka kawo Cordy Glenn daga Buffalo. Kuɗin da suka yi tunanin sun adana, sun biya shi da zaɓe biyu masu tsada, da musaya, da kakannin da suka lalace.

A ɗaya gefen, Rams sun kasance na ƙarshe wajen cin maki a 2016, da nasara 4 a wasa 16. A 2017 suka zama na farko wajen cin maki, da nasara 11. Mai jifansu Jared Goff an kayar da shi sau 26 a wasa 7 a 2016, sai sau 25 a wasa 15 a 2017. Ba na cewa Whitworth shi kaɗai ya yi wannan. A shekarar ne koci Sean McVay ya zo, aka kuma kawo sababbin masu cafe ƙwallo. Amma dabarar koci ba ta aiki idan mai jifa yana kwance a ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma McVay, wanda Whitworth ya girme shi da shekara huɗu, ya fara da toshe tsagar ne.

Hujjarsu ta uku ita ce rauni. Suka ce tsoho yana saurin jin ciwo, yana jinkirin warkewa. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ba zan ɓoye cewa Whitworth ya ji mummunan rauni a gwiwa a Nuwamba 2020, ana tura shi waje a keken ɗaukar masu rauni. Amma ya dawo a Janairu 2021 ya buga wasannin fitar da gwani, yana da shekara 39. Kuma tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce: raunin wa ya fi yi wa ƙungiya illa? A wannan watan na Nuwamba 2020, Joe Burrow, matashin mai jifa da Bengals suka ɗauka na ɗaya a duk ƙasar, ya tsinke jijiyoyin gwiwa a wasansu da Washington, bayan abokan hamayya sun keto katangarsa sun danne shi. Kakarsa ta farko ta ƙare nan take. A Fabrairu 2021 Kansas City Chiefs suka shiga wasan ƙarshe na Super Bowl ba tare da masu tsaron gefunansu biyu ba, mai jifansu Patrick Mahomes ya kwana yana gudun ceton kai, Tampa Bay suka lallasa su 31 da 9. Wanda ke tsoron raunin tsoho, abin da ya kamace shi shi ne ya tanadi mai jiran gado nagari a benci. Korar lafiyayyen gwani don tsoron ciwon da bai zo ba, sayen ciwo ne ga wanda ya fi kowa tsada a ƙungiya.

Hujjarsu ta huɗu ita ce tsoho yana toshe wa yaro hanya. Wannan ita ce mafi rauni a cikinsu. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa aka rage atisayen da ake yi da cikakken sulke, aka hana yin mai tsanani sau biyu a rana. Yaro yana zuwa daga jami'a da ƙarfi, amma lokacin koyon sana'a a fili ya ragu. A ina zai koya in ba a gefen wanda ya iya ba? Katanga kuma aikin mutum biyar ne da ke motsi kamar mutum ɗaya. Idan abokan hamayya biyu suka yi musayar gurbi a guje, dole maƙwabta biyu su miƙa wa juna su ba tare da magana ba, kuma wannan fahimta shekaru ke gina ta. Ku dubi Philadelphia Eagles. A 2022 suka ɗauki Cam Jurgens don ya gaji Jason Kelce a tsakiyar katanga, amma ba su kori Kelce ba. Jurgens ya yi shekara guda yana kallo, ya yi ta biyu yana wasa kafaɗa da kafaɗa da shi. Kelce ya yi ritaya da kansa a Maris 2024 yana da shekara 36, Jurgens ya hau wurin, kuma a Fabrairu 2025 Eagles suka ci Super Bowl da 40 da 22. Haka ake miƙa gado.

Ban ce a riƙe kowane tsoho ba. Idan faifan wasa ya nuna ƙafa ta daina kai shi inda ido ya gani, ko gwiwa ta hana shi atisaye mako bayan mako, lokaci ya yi, a rabu cikin mutunci. Abin da nake ƙi shi ne a yanke hukunci da takardar haihuwa alhali ga aikin mutum a fili kowa yana gani.

Ranar 13 ga Fabrairu 2022 Rams da Bengals suka haɗu a Super Bowl. Whitworth yana da shekara 40, yana tsaye a gefen hagu na katangar Rams, yana fuskantar ƙungiyar da ta ga ya tsufa shekara biyar da suka wuce. An kayar da Burrow sau 7 a daren, bayan sau 51 da aka kayar da shi a kakar, fiye da kowane mai jifa a gasar. A harin Bengals na ƙarshe Aaron Donald na Rams ya fasa katangarsu, ya juya Burrow kamar ɗan tsana, ƙwallo ta faɗi ƙasa. Rams suka ci 23 da 20. Whitworth ya zauna a tsakiyar fili da 'ya'yansa, ya yi ritaya bayan wata guda.

Hukuncina shi ne, muddin tsohon ɗan katanga yana tare abokin karawarsa, a biya shi, a riƙe shi, a ajiye magajinsa kusa da shi ya koya. Kada a sake shi sai magajin ya nuna a fili cewa ya isa.