Na Ga Hanya, Ina Zango?

 Yau mako uku ke nan teburin cin abincin gidana ya bar aikinsa ya koma ofishin madugu. Taswira a shimfiɗe, biro ja da baƙi, kwamfuta a buɗe, ga takardar lissafin kuɗi an soke an sake har ta gaji. Dalili shi ne hutun hunturu da makarantun Amurka kan bayar, kimanin mako biyu, daga gab da Kirsimeti zuwa bayan sabuwar shekara. Bana na ƙudura cewa ba za mu cinye shi a ɗaka muna kallon dusar ƙanƙara ta taga ba, kamar yadda muka saba a nan jihar Ohio.

Abu biyu suka sa na ɗauki zancen da zafi. Mahaifiyata ta zo mana daga Kano, shekarunta sun haura 70, kuma wannan ne zuwanta na farko. Babban ɗana kuma yana ajin ƙarshe na sakandare, baɗi war haka yana jami'a a wani gari. Ni da uwargida, da Hajiya, da yara uku, ban san ko Allah zai sake haɗa mu shida a mota ɗaya ba. Wannan tunani ne ya jefa ni cikin kwaɗayi, na ce tunda dama ɗaya ce, to a kwashi komai.

Ga yadda shirin farko ya kasance. Mu hau jirgi zuwa Las Vegas, mu ɗauki motar haya, mu zaga birane biyar da gandun daji bakwai na yammacin ƙasar cikin kwana 14. Biranen su ne Las Vegas, Salt Lake City, San Francisco, Los Angeles da San Diego. Cikin gandayen daji 63 da gwamnatin tarayya ke kula da su, na zaɓo Yellowstone, wanda aka kafa a 1872 kuma ake ɗaukarsa na farko a duniya, da Grand Canyon, Zion, Bryce Canyon, Death Valley, Yosemite da Sequoia. Na ja jan layi na haɗe su, abin ya yi kyau a takarda kamar zanen hula. Da na tara nisan sai na ga ya zarce kilomita 5,000, wato kamar mutum ya yi Kano zuwa Legas sau biyar. Duk da haka na lallashi kaina cewa hanyoyinsu masu kyau ne.

Ranar da na kira taron gida don gabatar da wannan gagarumin aiki, yara suka yi ta murna, uwargida ta yi shiru irin wanda na san fassararsa. Hajiya ta sa tabarau, ta bi jan layin da yatsa tun daga farko har ƙarshe, sannan ta ɗago ta ce, "To, na ga inda za a bi. Ina za a zauna?"

Na fara bayanin otal-otal, ta katse ni. Ta ce kakanta falke ne, da jakuna yake zuwa Gwanja sayen goro, kuma abin da ta ji daga bakin manya shi ne madugu ba ya yanke tafiyar yini da ƙarfin ingarman dokinsa. Yakan dubi jakin da ya fi rauni da yaron da ya fi ƙanƙanta, ya san rijiyar da za su iya kaiwa kafin rana ta faɗi, can ne zango. Ta ce, "A wannan ayari naka, ni ce jakar da ta fi rauni. Ka yi lissafi da ni."

Muka yi dariya, amma daren nan na sake ɗauko taswira na fara karanta ta da idon hunturu, na kuma gano cewa taswirar bazara nake ta yi wa aiki.

Yellowstone ne ya fara faɗuwa. Tun farkon Nuwamba ake rufe yawancin hanyoyinsa ga motoci, sai hanya ɗaya ta arewa da ake bari a buɗe. Mai son ganin maɓuɓɓugar nan ta Old Faithful da ke feso tafasasshen ruwa sama, sai ya shiga wata mota ta musamman mai tafiya a kan ƙanƙara, da kuɗinta daban. Da ya fita, Salt Lake City ma ta bi shi, domin dama mashiga ce gare shi.

Sai Yosemite. A taswira yana kusa da Death Valley, tsaunukan Sierra Nevada ne kawai a tsakani. Amma hanyar da ke ratsa su, wadda ake kira Tioga, dusar ƙanƙara kan rufe ta daga wajen Nuwamba har ƙarshen Mayu ko ma Yuni. Sai dai a zagayo ta kudu, a kwashe yini guda cur a mota. Ban da haka, hukumar gandun kan wajabta wa direba ya riƙe sarƙar da ake ɗaura wa taya don kada mota ta zame, kamfanonin hayar mota da yawa kuma ba su yarda a ɗaura ta a motarsu ba. Ni da na koyi tuƙi a titin Zariya, ban ga dalilin da zan fara koyon ɗaura sarƙa a gefen dutse, uwata tana zaune a baya ba. Sequoia ma hukuncinsa ɗaya, duk da na so yara su tsaya a gindin bishiyar General Sherman mai tsayin kusan mita 84 da shekaru sama da 2,000. San Francisco ta tafi tare da su.

Bryce Canyon kuwa tudu ne ya raba mu. Bakinsa ya haura mita 2,400 daga doron teku, inda iska ke yin ƙaranci, numfashi ya yi wa mai shekaru nauyi, sanyi kuma ya yi tsanani. Hajiya tana da hawan jini. Na kai ta wurin likita da jerin wuraren a hannu, muka fito da shawarar cewa kada a tara mata tudu a kan tudu. Muka bar mata guda ɗaya, wato Grand Canyon, da sharaɗin ba za ta yi doguwar tafiyar ƙasa ba.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a taswira sam, shi ne gajartar yini. A Kano, ko a tsakiyar hunturu yini ya haura awa 11. A Grand Canyon, ƙarshen Disamba bai cika awa 10 ba, a Las Vegas kuma rana kan faɗi wajen ƙarfe 4:30 na yamma. Idan mutum ya tsallaka daga jihar Nevada zuwa Utah ko Arizona, agogo ya ƙara gaba da awa ɗaya. Ke nan wanda ya tashi da hantsi ya yi tuƙin awa bakwai, a duhu zai isa, ga hanyar daji, ga ƙanƙara mai santsi da ba a ganinta a kan kwalta. Shirin farko, da na auna shi da wannan ma'auni, kusan rabinsa tuƙin dare ne. Da mun kashe dukiya don mu ga Amurka ta gilashin mota da hasken fitila.

Daga nan na kafa wa kaina dokoki uku. Ba tuƙin da zai wuce awa biyar a yini. A isa masauki kafin magariba. Duk inda aka sauka a kwana biyu ko uku, ban da wuri ɗaya da ba makawa. Da waɗannan dokoki aka tace birane biyar suka koma biyu, gandaye bakwai suka koma uku, nisa ya dawo ƙasa da kilomita 2,000.

Ga yadda ya tsaya. Kwana biyu a Las Vegas don a huta gajiyar jirgi, a yi cefane, a leƙa madatsar ruwa ta Hoover da aka kammala a 1936 a kan Kogin Colorado. Garin ya yi suna da caca, mu kuwa filin jirginsa da kasuwarsa muke bukata. Daga nan kilomita 260 zuwa Zion, kwana uku. Ƙasan kwarinsa kimanin mita 1,200 ne, daidai da tudun Jos, kuma akwai shimfiɗaɗɗiyar hanyar ƙafa a bakin rafi wadda tsohuwa za ta bi a hankali tana kallon jajayen duwatsu. Sai kimanin kilomita 400 zuwa bakin kudu na Grand Canyon, kwana biyu. Bakin arewa a rufe yake da hunturu, na kudun a buɗe yake duk shekara, tudunsa kimanin mita 2,100. Kwazazzabo ne mai tsawon kilomita 446, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi, kuma daga inda ake ajiye mota zuwa inda ake leƙa shi taku kaɗan ne. Mu dawo Las Vegas mu kwana ɗaya, mu gangara Death Valley kwana biyu. Nan ne aka auna zafin digiri 56.7 a watan Yulin 1913, amma a Disamba yanayinsa kamar sanyin safiyar Kano ne, kuma a cikinsa ne ƙasa ta fi zurfi a duk Arewacin Amurka, mita 86 ƙasa da doron teku. Na sa shi bayan Grand Canyon da gangan, don ƙasusuwan Hajiya su sha ɗumi. Ƙarshe kwana uku a Los Angeles, a ga Tekun Pasifik, a hau jirgi a dawo gida.

Kada mai karatu ya zaci an yi wannan yanka ba jini. Babban ɗana Yosemite yake so, ya shekara yana kallon hotunan dutsen El Capitan mai tsayin kusan mita 900. Ya kwana biyu ba ya cewa komai sai gaisuwa. Na zaunar da shi na ce duwatsun nan suna nan suna jiransa, shekarunsa 17, zai je da ƙafarsa in Allah ya so, amma tafiya da kakarsa ba ta jira. Sannan na naɗa shi jagaban ayari. Shi ke duba hasashen yanayi da sanarwar rufe hanyoyi kowace safiya, shi ke sauke taswira a waya tun muna gari, domin a cikin dajin sau da yawa babu sabis. Tun da ya karɓi muƙamin ya fi ni tsanani.

Shirun uwargida ma na bi shi na ji abin da ke ciki. Ta ce a tafiye-tafiyenmu na baya ita ba ta taɓa yin hutu ba, kicin ɗinta kawai ake ɗauka a kai wani gari. Maganar ta yi mini zafi saboda gaskiya ce. A Los Angeles abincin halal ba wuya, amma a ƙananan garuruwan bakin gandun daji sai kifi da ƙwai da ganye, Hajiya kuma ba ta kwana uku ba tuwo. Kilishi da ya kamata ya zama guzuri, dokar kwastan ta hana shigo da nama irin wannan, don haka kuka da daddawa da yaji kawai ta zo da su. Muka yanke cewa za a yi dambun nama a gida kafin tashi, a kama masauki mai kicin, a kuma raba girki da wanke-wanke a rubuce, kwana ɗaya ni da babban, kwana ɗaya ita da ta tsakiya. Ranar 25 ga Disamba yawancin shaguna a rufe suke, saboda haka cefanen ranar tun jajibiri za a yi shi. Sallah kuwa Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi da ƙasaru, abin da ya rage mana shi ne flas na ruwan ɗumi don alwala.

Ta fuskar kuɗi, makon Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne lokacin da jirgi da masauki suka fi tsada, kuma ajiye mota a garin da ba a nan aka ɗauke ta ba yana da ƙarin caji. Abu biyu na ƙi yi wa rowa. Na farko inshorar lafiya ta baƙo ga Hajiya, domin kwana ɗaya a asibitin ƙasar nan ba tare da ita ba yana iya cinye kuɗin tafiyar duka. Na biyu masaukin da ake iya sokewa a karɓi kuɗi, ko da ya ɗan fi tsada. Guguwar ƙanƙara na iya rufe hanya, siyasa ma na iya yin nata. Daga 22 ga Disamban 2018 wani ɓangare na gwamnatin tarayya ya tsaya cik har kwana 35 saboda rikicin kasafin kuɗi, gandaye da yawa suka zauna ba ma'aikata a daidai lokacin hutu. Sauƙi ɗaya da muka samu daga auta ya zo. Kuɗin shiga Grand Canyon ko Zion dala 35 ne ga mota ɗaya, amma akwai katin da gwamnati ke bai wa kowane ɗan aji huɗu na firamare, wanda ke shigar da shi da iyalinsa kyauta. Auta tana aji huɗu. Tun ranar da ta ji haka take sanar da kowa cewa ita za ta kai mu.

Na san da yawa daga masu karanta wannan fili su ma suna shirin fita da iyali a hutun Disamba, wani daga Kano zuwa Jos, ya zarce Bauci ya shiga Yankari don yara su yi wanka a ruwan ɗumin Wikki. Ƙasa ta bambanta, amma lissafin ɗaya ne. Kafin maigida ya ƙirga garuruwa, ya fara duban wanda ya fi rauni a motar, da lokacin faɗuwar rana, da halin da hanya ke ciki, da kuma wadda girki zai faɗa wa.

Jiya na kai wa Hajiya sabuwar taswira. Ta sake bin layin da yatsa, tana tsayawa a kowane zango tana tambayar kwana nawa. Da ta kai ƙarshe ta cire tabarau ta ce, "Yanzu ka yi magana. Allah ya kai mu lafiya." An sayi tikiti, an sayo mata safa mai kauri da rigar sanyi da ta ce ta fi bargonta nauyi. Abin da muka gani, da abin da hanya ta koya mana wanda takarda ba ta faɗa ba, zan kawo muku a wannan fili idan mun dawo. A sa mu a addu'a.