Takardar Shaida Ba Ta Sa Dattako

Bara, da aka watsa mu makarantu domin gwajin koyarwa, mu goma sha ɗaya muka faɗa wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo a bayan gari, maza bakwai, mata huɗu. Kafin mu yi mako uku, ɗaya daga cikinmu, wanda duk ajinmu babu mai kama ƙafarsa a lissafi, ya tsinka wa wani yaro mari har ya yi haɓo, don kawai yaron ya ɗaga hannu ya ce amsar da ke kan allo ba daidai ba ce. Yaron kuwa shi ke da gaskiya. Kashegari sai ga uban ya taso daga gona, fartanyarsa a kafaɗa, yana neman a nuna masa malamin. Shugaban makaranta ba ya nan, mai laifin ya ɓuya a bayan ɗakin ajiya. Wata 'yar'uwarmu mai karatun Hausa ita ta fito ta russuna ta gaishe shi, ta ce, "Baba, laifinmu ne, kuma ɗanka ne ya gyara mu." Ta bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa har ya huce.

Muna komowa jami'a labari ya bazu, kowa ya ɗauki ɓangaren da ya yi masa daɗi. Wasu suka ce ai dama mata sun fi maza hankali. Wasu suka ce 'yan kimiyya ba su iya zama da mutane ba, kwalabe da alƙaluma kaɗai suka sani. Mu da muka ga abin da idonmu ba mu yarda da ko ɗaya ba, domin kuwa a cikin wannan ayari namu akwai wata da ta yi wata guda ba ta magana da sauran malamai saboda an zauna mata a kujera, akwai kuma wani mai karatun kimiyyar sinadarai wanda ranar da za mu tafi yara suka raka shi har tasha, wasu suna hawaye.

Abin da muke magana a kai shi ne dattako, wato girman hankali wajen zama da jama'a. Ba shekaru ba ne, ba kuma gemu ba. A tsakiyar shekarun 1930 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edgar Doll, ya tsara ma'aunin wannan abu, bai kuwa kula da yawan abin da mutum ya haddace ba, sai abin da yake iya yi wa kansa da irin nauyin da yake iya ɗauka na wasu. Iyayenmu ba su jira ma'auni ba. Sun ce babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba. Malamin makaranta kuwa jujin gari ne tun ranar da ya fara riƙe alli, ko da shekarunsa ashirin da biyu: yaro ya zuba, uba ya zuba, shugaba ya zuba, mai unguwa ma ya kawo tasa.

Bari mu fara da batun maza da mata, don nan aka fi yaudarar kai. Gaskiya ne yawancin 'yan'uwanmu mata sun fi mu natsuwa a gaban aji, amma ba da ita aka haife su ba. Yarinya a gidajenmu tun tana shekara bakwai ake goya mata ƙane, a aike ta niƙa, a bar mata tukunya, ta kuma koyi karanta fuskar manya kafin su buɗe baki. Kafin ta zo jami'a ta yi shekara goma tana lallashin yara. Ɗan'uwanta kuwa yana filin ƙwallo, abinci na jiransa a rufe. In muka ce halitta ce, to mun wanke namiji ke nan, mun ba shi lasin ya tsufa da ƙuruciya.

To, amma fa akwai wani gefen da ba a son faɗa. Sau da yawa abin da ake yabo a wurin mace a ce hankali ne, tsoro ne kawai aka lulluɓe da kunya. Mun ga ɗaliba da aka ɗora wa darussan malamai biyu ta yi shiru. Mun ji wadda wani babba ya dame ta da maganar banza har ta gama wa'adinta ba ta gaya wa kowa ba, don kada a ce ba ta da kamun kai. Wadda ba ta iya kare kanta ba, yaya za ta kare 'yar mutane da ke ajinta? Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa tsarin 'Yan Taru ba masu sunkuyar da kai ta nema ba. Jajis ɗinta mata ne masu kamala da ke iya jagorantar ayari daga ƙauye zuwa wurinta, su koma su karantar, su raba gardama. An koya wa 'yan mata haƙuri an hana su baki, an ba samari baki an hana su haƙuri, sa'an nan aka tara mu aji ɗaya ana mamakin yadda kowa ya zo da rabin kaya.

Kuma tilas mu faɗa wa kanmu, mu maza, cewa akwai a cikinmu masu ɗaukar lokacin gwajin koyarwa tamkar kakar neman 'yan mata. Yarinyar da ke kiranka Malam amana ce, ko da tazarar shekara biyar ce tsakaninku. Uba guda ya ji irin wannan labari, gidaje goma za su cire 'ya'yansu daga makaranta, a yankin da tun farko da kyar aka shawo kan iyaye.

Batun fanni kuwa bai kai wannan nauyi ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta ware kashi 60 cikin ɗari na guraben jami'a ga kimiyya, 40 ga sauran fannoni, kuma tun daga sakandare ake gaya wa ɗan ajin kimiyya cewa shi ne mai ƙwaƙwalwa. Wannan kan haifar da girman kai, shi ne kuwa ya mari yaron nan, ba lissafi ba. Mu masu karatun harshe da tarihi ma kada mu yi saurin dariya, don iya zuba ba iya zama da mutane ba ne. Duk wanda ya halarci taron zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya ga yadda masu fasahar baki kan koma jifa da kujeru. Alhaji Shehu Shagari kimiyya ya koyar a Midil ta Sakkwato, kuma ko waɗanda suka yi adawa da siyasarsa ba su taɓa zarginsa da rashin natsuwa ba.

Tambayar da ta fi dacewa ita ce, wa ke koya mana wannan abu, wa kuma ke auna shi? Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ta fitar da malamai irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardauna, kuma a can ana sa ido kan halin ɗalibi kamar yadda ake duba takardarsa. Ba kewar zamanin Turawa muke yi ba: 'yan ƙalilan ne aka zaɓa, duka maza, kuma don biyan bukatar masu mulki. Amma da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka yi ambaliya fiye da yadda aka yi tsammani, sai aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Buɗe ƙofar nan alheri ne, da yawanmu ta nan iyayenmu suka shiga. Sai dai tun daga lokacin hankalin hukuma ya koma kan ƙidayar takardu. Aka mai da NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, aka kafa hukumar rajistar malamai a 1993. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, fiye da 21,000 suka kasa, ƙasa ta ɗauka. Wannan jarrabawa ta auna abin da ke cikin kai. Ba mu taɓa jin an tambayi nawa ne cikin waɗanda suka ci za a iya bar musu yara sittin a rufe ƙofa hankali kwance ba.

Mun san za a ce mana dattako da yunwa ba sa zama gida ɗaya, kuma malamin da ke bin bashin albashi ba a yi masa wa'azin haƙuri. Haka ne. Mun kuma san da yawanmu ba koyarwa muka nema ba, makin shiga jami'a ne ya jefo mu nan bayan likitanci ko lauya sun ƙi. Amma yaron da aka fasa wa hanci ba shi ya riƙe albashin kowa ba.

Yadda ake duba mu a gwajin koyarwa shi kansa abin dubawa ne. Malami ya zo daga jami'a sau ɗaya ko sau biyu, ya zauna bayan aji minti arba'in, ya duba littafin shirin darasi, ya ba da maki, ya shiga mota. Ranar kowa salihi ne, har yaran an yi musu kashedi. Ɗan'uwanmu mai mari ya fito da sakamako mafi kyau a cikinmu, wadda ta kashe wutar kuwa ta sami matsakaici, wai rubutunta a allo ya karkace.

Saboda haka muna roƙon Tsangayar Ilmi ta ba rahoton shugaban makaranta da na malamin da aka haɗa mu da shi kaso na gaske a cikin maki, tun da su ne suke ganinmu kullum. A riƙa cakuɗa ayari, maza da mata, 'yan kimiyya da 'yan harshe, a ɗora wa kowa wani nauyi bayan darasi, ko taron safe, ko wasanni, ko ganawa da iyaye. A kuma sanya malama guda da malami guda waɗanda ɗaliba za ta iya kai musu kuka ba tare da sunanta ya zaga jami'a ba. Abin da ya rage namu ne, ba sai mun jira kowa ba: kafin a sake watsa 'yan aji uku makarantu, ƙungiyar ɗalibai ta kira zama, waɗanda suka dawo su faɗi abin da suka gani ba tare da ado ba. Mu goma sha ɗayan nan mun yi shawara za mu zo, kuma mai marin ya ce shi zai fara magana.