Gani ya kori ji, amma hoto bai san lissafi ba

A cikin 1857 mutanen Landan sun yi ta tururuwa zuwa unguwar Millwall, bakin kogin Tamiz, don kallon wani jirgin ruwa na ƙarfe da ake ƙerawa, mai suna Great Eastern. Tsawonsa mita 211, an kuma shirya shi don ya ɗauki fasinja 4000 har Indiya da Ostareliya ba tare da ya tsaya shan gawayi a hanya ba. Injiniya Isambard Brunel ne ya zana shi.

Wanda bai je ba, ta yaya zai yarda? Nan ne hoto ya shigo. Wani saurayi, Robert Howlett, ya shiga ma'aikatar da akwatin ɗaukar hoto. Aikin ba wasa ba ne a zamanin: sai a shafe gilashi da magani, a ɗauka, a wanke tun bai bushe ba. Ya ɗauki gangar jikin jirgin, mutane a gindinsa kamar tururuwa. Ya kuma tsai da Brunel gaban wasu manyan sarƙoƙi, sigari a baki, hannuwa cikin aljihu, wandonsa duk taɓo. Jaridu ba su iya buga hoto ba tukuna, sai masassaƙa suka kwaikwaye su a kan katako, jaridar Illustrated Times ta buga a Janairun 1858. Da haka hoto ya zama shaida, ya kuma zama talla.

To, ga abin da gilashin bai nuna ba. An soma tura jirgin cikin ruwa ran 3 ga Nuwamba 1857, ya ƙi motsi yadda ake so, sai 31 ga Janairu 1858 ya hau ruwa. Kuɗi suka ƙare, kamfanin ya karye. Jirgin bai taɓa kai fasinja Ostareliya ba. Amfaninsa babba ya zo a 1866, da ya shimfiɗa wayar tangaraho ƙarƙashin tekun Atlantika. A 1889 aka soma farfasa shi.

Howlett bai yi ƙarya ba: shekara 41 ba a ƙera jirgin da ya fi wannan tsawo ba. Sai dai girma daban, riba daban. Ɗan kasuwar da aka nuna wa hoton ma'aikata don ya zuba dukiyarsa, da ma'aikacin da aka kawo wa takardu masu hotuna don ya sa hannu, su yaba hoton, sa'an nan su nemi littafin lissafi. Ba girin-girin ba, ta yi mai.