Makullin Banki da Yatsan Manomi

Duk wanda ya leƙa kasuwar Dambatta ko ta Bichi ya ga yadda manomi ke sayar da gero, kuɗin su faɗa asusunsa ta waya, ya je wurin mai POS ya karɓa. Tun 2014 da aka ɓullo da BVN, zanen yatsun iyayenmu ya shiga ajiyar banki. Abin da ke tsare wannan amana kuwa lissafi ne, wato makullai irin su RSA, waɗanda ƙarfinsu ya dogara ga wuyar gano lambobi biyu da aka ninka suka haifi wata ƙatuwar lamba.

A 1994 wani masanin lissafi Ba'amurke, Peter Shor, ya nuna cewa kwamfutar kwantum mai isasshen ƙarfi za ta warware wannan ƙulli ba tare da wahala ba. Har yanzu ba a ƙera irinta ba, shi ya sa wasunmu ke ganin abin da nisa. To amma ɓarawo yana da haƙuri. Yana iya kwashe bayanan da ke kulle yau, ya ɓoye, ya jira ranar da mabuɗi zai samu. Lambar sirri ana sauya ta cikin minti ɗaya. Yatsan manomin Kunci fa, wa zai sauya masa?

A Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji uku na sabon kulle mai jure wa wannan na'ura. Lalle ne Babban Bankin Nijeriya da hukumar NIMC su bayyana wa jama'a lokacin da za su sauya nasu makullan, Jami'ar Bayero kuma ta horar da waɗanda za su yi aikin.