FILIN MATA: Lambobi Shida Aka Samo, Huɗu Na Mata Ne

Yau za mu jingine zancen tukunya da na zare da allura, mu leƙa wani fili wanda maza suke tsammani nasu ne su kaɗai, watau filin wasanni. Kada wata ta ce ba ruwanta. Ku dai biyo ni sannu, za ku ga inda ruwanmu yake.

Bayan kowace shekara huɗu ƙasashen duniya sukan taru a wani babban birni, kowace ta kawo gwanayenta na gudu da tsalle da dambe da kokawa da ninƙaya da ƙwallo, a yi ta karawa har kwana goma sha. Wannan taro shi ake kira Wasannin Olamfik. Wanda ya zo na ɗaya a ba shi lambar zinariya, na biyu ta azurfa, na uku ta tagulla. Nijeriya ta fara zuwa a shekarar 1952 a birnin Helsinki, tun ba mu sami mulkin kai ba. Lambarmu ta fari kuwa sai a 1964 a Tokyo, inda wani ɗan dambe, Nojim Maiyegun, ya ciwo ta tagulla. Zinariya fa? Shekara 44 ana zuwa ana komowa ba a gan ta ba, sai a 1996, a birnin Atlanta na ƙasar Amurka.

ABIN DA MAZA SUKE TUNAWA

In kika tambayi maigidanki ko babanki labarin Atlanta, to, ki gyara zama, don ba zai gama da wuri ba. Kuma yana da gaskiya, gama abin ya isa labari. Da damina aka yi, ƙarshen Yuli da farkon Agusta. 'Yan ƙwallonmu suka ci Hungary ɗaya da nema, suka ci Japan biyu da nema, Brazil ta ci su ɗaya. Suka kawar da Mexico, sai ga su sun sake gamuwa da Brazil a wasan kusa da na ƙarshe, ran 31 ga Yuli.

Kafin a tafi hutun rabin lokaci Brazil tana da uku, mu muna da ɗaya. Dare ya yi a nan gida, waɗansu har sun kashe rediyo sun kwanta. Saura minti goma sha biyu a tashi Victor Ikpeba ya rama guda. Ana dab da busa usur Nwankwo Kanu ya rama ta uku. Aka ƙara lokaci bisa sharaɗin duk wanda ya fara ci ya gama, ba a yi minti biyar ba Kanu ya sake zurawa. Huɗu da uku. Ran 3 ga Agusta kuma suka kara da Ajantina a wasan ƙarshe. Sau biyu Ajantina tana shiga gaba, sau biyu ana ramawa, Celestine Babayaro ya ci ta fari, Daniel Amokachi ta biyu, kana Emmanuel Amunike ya rufe da ta uku a minti na ƙarshe. Ba wata ƙasar Afirka da ta taɓa cin zinariyar ƙwallo a Olamfik kafin wannan rana.

Mu 'yan Arewa muna da rabonmu a ciki. Tijjani Babangida da Garba Lawal da Amokachi da Babayaro duk haihuwar Kaduna ne. Madalla da su.

ABIN DA AKA MANTA

To, amma ga abin da ba a cika faɗa ba a majalisar ƙofar gida. Zinariyar 'yan ƙwallo ita ce ta biyu. Ta farko, kwana ɗaya kafin tasu, ran 2 ga Agusta, mace ce ta ciwo ta, ita kaɗai da ƙafafunta. Sunanta Chioma Ajunwa, 'yar sanda ce, mutuniyar Jihar Imo. Wasanta dogon tsalle, watau mutum ya taho a guje, ya taka wani katako, ya tashi sama ya dira cikin yashi, a auna nisan. A tsallenta na fari ta yi mita 7 da santimita 12.

Bari in auna muku da abin da muka saba. Turmin atamfa yadi 6 ne. Ki warware shi duka a tsakar gida, ki ƙara kusan yadi biyu a bakinsa. To, wannan tsawon ta tsallake a tashi guda. Manyan gwanayen duniya suna wurin, har da Jackie Joyner-Kersee ta Amurka, suka yi ta gwadawa har aka tashi, ba wadda ta kamo ta. Har zuwa wasannin 2024 ba a sake samun ɗan Nijeriya, namiji ko mace, wanda ya ci zinariyar Olamfik shi kaɗai ba, sai ita.

Ba ta ƙare nan ba. Falilat Ogunkoya ta ci tagulla a gudun mita 400, ta gama cikin daƙiƙa 49 da 'yan kai, watau ba ta cika minti ɗaya ba. Mary Onyali ta ci tagulla a gudun mita 200. A gudun miƙa sanda kuwa, inda mutum huɗu suke karɓa-karɓa, Bisi Afolabi da Fatima Yusuf da Charity Opara da ita Falilat suka ci azurfa. Sai wani ɗan dambe, Duncan Dokiwari, da ya ci tagulla.

Yanzu 'yan makaranta ku yi mana lissafi. Zinariya biyu, azurfa ɗaya, tagulla uku, shida ke nan. Ta 'yan ƙwallo da ta ɗan dambe na maza ne. Sauran huɗun fa? Na mata. Ba kuwa sa'ar shekara guda ba ce. A wasannin Tokyo da aka yi a 2021 lambobi biyu kaɗai Nijeriya ta samu, Blessing Oborududu ta ci azurfa a kokawa, Ese Brume ta ci tagulla a dogon tsalle, dukansu mata. A Paris a 2024 ba mu samo ko ɗaya ba, amma 'yan matanmu na ƙwallon kwando sun kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe, inda wata ƙungiyar Afirka ba ta taɓa kai wa ba.

Duk da haka ladan ba daidai aka raba ba. An yi wa Chioma alkawarin gida, amma sai a 2021, bayan shekara 25, Gwamnatin Jihar Legas ta danƙa mata makullinsa.

INA NAMU?

Ga tambayar da ta sa na ɗauko zancen nan. Cikin matan nan shida na Atlanta babu 'yar ƙasar Hausa ko guda. Kada sunan Fatima Yusuf ya ruɗe ku, mutuniyar Owo ce a Jihar Ondo. Shin 'ya'yanmu ƙafa ce ba su da ita?

Duk wadda ta san ƙasar Rano da Kibiya ta san amsa. Ku dubi yarinyar da take ɗauko tulu daga rijiya sau biyar kafin hantsi. Ku dubi wadda take hawan duwatsun Rano neman itace, ta sauko da dami a ka ko haki ba ta yi. Ku dubi 'yan matan ƙauyukan Rurum da Tarai da suke takawa zuwa kasuwa da tallan gyaɗa ko fura, su komo da ƙafa. Ku dubi yadda suke tsalle a dandali wajen gaɗa, da yadda suke ɗingishi da ƙafa ɗaya wajen 'yar gala-gala ba su taka layi ba. Ƙarfi da numfashi da saiti duk akwai. Garin da ake kira Kibiya kuwa bai kamata a rasa yarinya mai gudu kamar kibiya a cikinsa ba.

Ita Chioma ba 'yar masu kuɗi ba ce. Ita ce auta cikin 'ya'ya tara, ubanta ya rasu tana ƙarama, uwarta ce ta riƙe su cikin rashi, har kuɗin jami'a ya gagara. Abin da ta samu wanda namu ba su samu ba shi ne fili, da wanda ya auna tsallenta ya ce mata ta ƙara. Mu kuwa da yarinya ta fara girma sai mu ce, “Ke, zauna, mace ba ta gudu.” Ranar wasannin makaranta a aike ta talla. Ta haka gwanaye da yawa suka wuce ba wanda ya san su, har su kansu.

TSORON IYAYE

Na san wata uwa za ta ce, “To, Inna, so kike 'yata ta tuɓe ta fita gaban maza da ɗan kamfai?” A'a, ko kusa. Wannan tsoro yana da dalili, kuma yana da magani. Ruqaya Al-Ghasara ta ƙasar Bahrain ta yi gudu a Olamfik a 2004 da 2008 da dogon wando da riga mai dogon hannu, kanta a rufe, kuma da wannan shiga ta ci zinariya a gudun mita 200 a wasannin ƙasashen Asiya a Doha a 2006. Ibtihaj Muhammad ta Amurka ta yi wasan takobi da hijabinta a 2016, ita da abokan wasanta suka ci tagulla. Kowane tela a Rano zai iya ɗinka irin wannan kaya da yadi uku. A makarantar 'yan mata kuwa, bayan katanga, malama mace tana tsaye, wane ne zai gan su?

Wata kuma za ta ce wasa yana hana karatu. Ku sani Mary Onyali da Falilat Ogunkoya duka gudunsu ne ya kai su jami'o'in Amurka suka yi karatu. Amma sharaɗi ne uwa ta kafa tun farko: littafi gaba, fili baya. Wadda ta faɗi jarrabawa ta huta da gudu sai ta gyara.

Akwai tsoro na uku wanda ni zan ƙara muku, shi ne na ƙwayoyi. A 1992 an hana Chioma wasa shekara huɗu domin an ce an sami haramtaccen magani a jikinta, ko da yake ita ta dage ba ta sha da saninta ba. Shekara huɗu na ƙuruciya ba wasa ba ne. Saboda haka, 'ya'yana, duk wanda ya miƙo muku ƙwaya ko allura ya ce ta ƙara ƙarfi ce, ku ƙi, ku gaya wa iyayenku. Ƙarfin mai gudu yana cikin wake da gyaɗa da nono da ƙwai da zogale, da barci a kan kari.

ABIN YI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu zuwa Olamfik daga filin firamare suke farawa, su ci a makarantarsu, su ci a ƙaramar hukuma, su wakilci jiha, kana su je babban bikin wasanni na ƙasa wanda aka fara a Legas a 1973. A can ne masu horarwa suke zaɓe. Wadda ba ta taka matakin farko ba, yaya za ta kai na biyar? Ga abu huɗu da ba su fi ƙarfinmu ba.

Na ɗaya, ranar wasannin makaranta a ɗage wa yarinya talla da ɗebo ruwa. Yini guda a shekara ba zai karya jari ba. In da hali uwa ta je da kanta ta gani.

Na biyu, a taron iyaye da malamai mu buɗe baki mu tambaya: yaushe 'yan mata suke fita motsa jiki, wace malama ke kula da su? In an ce babu kaya, ku ce gudu ba ya bukatar kaya. Ramin tsalle kuwa rami ne kawai da amalanken yashi biyu uku daga rafi, a auna da tef ɗin tela.

Na uku, 'yan makaranta ku sami ɗan littafi, kowace ta rubuta nisan tsallenta da lokacin gudunta kowane mako. Wadda ta yi yadi uku yau ta nemi uku da rabi kafin hutu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Na huɗu, in malama ta aiko cewa an zaɓi 'yarki ta je Kano gasa, kada ki yi saurin cewa a'a. Ki tambayi wa zai raka su, ina za su kwana, yaushe za su komo. In kin gamsu, ki lallashi maigida. Shi da ya hana idonsa barci saboda Kanu, ai ba zai ƙi jin an kira sunan 'yarsa a rediyo ba.

Ban ce kowace yarinya za ta ciwo zinariya ba. Cikin dubu da ƙyar a sami ɗaya. Amma sauran ma ba su yi hasara ba, gama yarinyar da ta saba motsa jiki takan tashi da ƙoshin lafiya da kuzari, ta koyi haƙurin faɗuwa, ta koyi tsayawa gaban jama'a ba rawar jiki. Waɗannan kuwa za su yi mata amfani a aji, su yi mata amfani a ɗakinta.

Malaman makarantun Rano da Kibiya, in kuna da yarinyar da ta fi sa'o'inta gudu ko tsalle, ku rubuto mana awonta, za mu buga a wannan fili domin na gaba su gani. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su lafiya. Sai mako mai zuwa.

Taku,
INNA