Ƙarin fitila, ƙarin haɗarin gobara

Da zarar hazo ya rufe hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, sai direbobin motocin kasuwa su shiga canza fitilu. A cire ƙwai mai wat 55 a sa mai wat 100, a jona fitilun hazo bisa waya guda. Wayar da ba a yi ta don wannan nauyi ba sai ta ɗau zafi. Fuzibil ya ƙone, a ɗaure shi da zaren ƙarfe. Daga nan sai gobara, ga buhunan wake da atamfofi a bisa.

Ƴan kasuwa, maza da mata, jarinku ne a ciki. Kafin lodi, ku tambayi direba: an sa rele da fuzibil na ƙwarai? Rigakafi ya fi magani.