An Kori Acaɓa, An Kori Araba, Da Me Talaka Zai Shiga Abuja?

Yawancin masu karanta wannan takarda da ke aiki a Abuja ba a Abuja suke kwana ba. Suna kwana a Nyanya, Karu, Kubwa da Lugbe, wasu ma a wajen birnin tarayya ɗungum, a Mararaba da Masaka cikin Jihar Nasarawa, ko Suleja cikin Jihar Neja. Su ne masinjoji, masu gadi, masu shara, malaman makaranta da ƙananan ma'aikata. Kuɗin hayar Maitama ko Asokoro ya fi ƙarfinsu, saboda haka kullum sai sun shiga birni da asuba su fito da dare. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamba 1991, mahukunta sun ƙware wajen hana waɗannan mutane abin hawa, amma ba su taɓa ba su wanda zai ishe su ba.

A 2006, zamanin minista Nasir El-Rufai, aka hana acaɓa a tsakiyar birni. A 2013, zamanin Bala Mohammed, aka hana ƙananan bas-bas da ake kira araba shiga, aka ce manyan motoci za su maye gurbinsu. Daga baya aka kori Keke Napep daga manyan tituna. Ba na kare gangancin 'yan acaɓa ko na direbobin araba. Mun yi jana'izar mutanen da suka yi sanadin mutuwarsu. Amma wanda ya rushe wa mutum bukka da alkawarin gina masa soro, sa'an nan ya bar shi a fili ruwa na dukansa, ai zalunci ya yi. Manyan motocin da aka kawo ba su taɓa isa ba, da yawa kuma sun lalace aka jingine su.

To, da me mutane suke tafiya? Da abin da ake kira "alon": kowace mota mai zaman kanta, ba fenti, ba lamba a jiki, ba tasha. Mai ita ya tsaya a bakin titi, ya cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Wasu masu motocin ma'aikata ne da ke neman kuɗin mai, ba ni da ta cewa a kansu. Sai dai ta wannan ƙofa 'yan fashin da ake kira "wan cans" suke shigowa. Ka shiga mota ka tarar da fasinjoji, ashe duk bakinsu ɗaya. Su ƙwace waya, su tilasta maka faɗin lambar katin banki, su jefar da kai a gefen hanya, wani lokaci motar tana gudu. Bayan haka sai a fito a rediyo a ce jama'a su yi hattara, su shiga tasi mai fenti kore kawai. Mace ta tashi aiki ƙarfe takwas na dare a Area 1 ko Berger, ta tsaya awa guda ba ta ga kore ko ɗaya ba, a ce laifinta ne da ta shiga wadda ta samu? Wasu kuma sukan ce a kira Bolt ko Uber. Wanda yake faɗin haka bai san albashin mai shara ba.

Za a ce ai akwai jirgin ƙasa. Akwai. An buɗe shi a watan Yuli 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, aka sake tayar da shi a watan Mayu 2024. Amma ku dubi inda yake bi: tsakiyar birni, Idu, filin jirgin sama, da reshe zuwa wajen Kubwa. Hanyar Nyanya, inda mutane suke shafe awa biyu a cunkoso kafin su kai AYA, ba ta da layin dogo ko taku ɗaya. An fara da mai jirgin sama, aka bar mai neman abincin yini.

Sai kuma cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a 2024 ta haura 1,000. Kuɗin mota ya bi ta. Mun ga iyalai da suke zaɓen wanda zai zo sujada ranar Lahadi, domin kuɗin motar mutum biyar babu.

A 2025 an buɗe sababbin tashoshi a Mabushi da Kugbo. Madalla. Amma gini ba ya ɗaukar fasinja. Abin da muke nema daga ministan birnin tarayya shi ne manyan bas masu yawa a hanyoyin Nyanya, Kubwa da Lugbe, da layinsu na kansu a kan titi domin kada su maƙale a cunkoso, suna aiki daga biyar na asuba har goma na dare. A yi wa kowane direban haya rajista, a rubuta lambarsa a jikin mota inda fasinja zai gani tun kafin ya buɗe ƙofa. A kuma zauna da gwamnatin Nasarawa kan layin dogo zuwa Mararaba da Masaka, tun da rabin matsalar a ƙasarta take kwana.